Zaɓen Akwatin Kiwon Dokin Teku

Dokin teku ƙaramin kifi ne mai kai irin na doki da wutsiya mai naɗewa, wanda masana kimiyya ke kira Hippocampus. A tsaye yake iyo, kuma namijin ne ke ɗaukar ƙwai a cikin jakar da ke gabansa har su ƙyanƙyashe. Wajibi ne mai kiwo ya yi la'akari da halittar wannan kifi kafin ya zaɓi akwatin gilashin da zai ajiye shi.

Abu na farko shi ne zurfi. Tun da mace da namiji sama suke tasowa tare a lokacin barbara, ya kamata zurfin ruwan ya kai santimita 45. Na biyu shi ne girma. Manyan nau'o'i guda biyu na buƙatar kimanin lita 110 ta ruwan gishiri. Dalili kuwa, kifin ba shi da tumbi, sai ya ci abinci akai-akai, ruwa kaɗan kuwa kan gurɓace da wuri.

Na uku, kada na'urar tace ruwa ta tayar da igiya mai ƙarfi, domin shi ba gwanin iyo ba ne. A tanadar masa ciyayi ko rassan da zai kama da wutsiya. Haka kuma, kada zafin ruwan ya wuce digiri 24 na ma'aunin Salsiyas, saboda zafi na yaɗa ƙwayoyin cuta.

Daga ƙarshe, tun shekarar 2004 yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsa tsakanin ƙasashe. Saboda haka, wanda aka ƙyanƙyashe a wurin kiwo ya fi dacewa, ya kuma fi jure zaman akwati.