Ninja Gaiden: Wasan bidiyon da ke gasa wa masu buga shi aya a hannu, amma suke ƙara komawa

A watan Oktoban 2025 ne aka fitar da Ninja Gaiden 4, shekara 13 bayan fitowar kashi na uku na wannan wasan bidiyo na ƙasar Japan. 'Yan kwanaki kafin fitowarsa aka sanar da rasuwar Tomonobu Itagaki yana da shekara 58, mutumin da ya sake gina wasan a 2004 har ya zama abin da ake auna wahalar sauran wasanni da shi. Abubuwan biyu sun sake tayar da tsohuwar tambaya a tsakanin masu sha'awar wasannin bidiyo: me zai sa mutum ya sa kuɗinsa ya sayi wasan da zai kashe shi sau ashirin a wuri ɗaya, ya kuma tashi ya sake gwadawa?

Asalin wasan

Ninja, ko shinobi kamar yadda Japanawa suka fi kiransu a da, mutane ne da sarakunan yaƙi ke ɗauka haya domin leƙen asiri da ɓarna a sansanin abokan gaba, musamman a ƙarni na 15 da na 16 lokacin da Japan ke fama da yaƙe-yaƙen cikin gida. Yankunan Iga da Koga ne suka fi shahara da su. Baƙaƙen kaya da tsalle daga rufi zuwa rufi da aka san su da shi a yau, yawancinsa daga wasan kwaikwayo da littattafai da finafinai ya fito. A shekarun 1980 finafinan ninja sun cika kasuwa a Amurka, kuma kaset ɗinsu ya zagaya har gidajen kallo na Afirka ta Yamma.

A cikin wannan yayi ne kamfanin Tecmo ya fitar da Ninja Gaiden a 1988, ɗaya na manyan injinan da ake jefa wa kuɗi a gidajen wasa, ɗaya kuma na na'urar gida ta Nintendo. Na gidan shi ne ya yi suna. Ya isa Amurka a 1989, sannan Turai a 1991 da sunan Shadow Warriors, saboda a lokacin ana ƙyamar kalmar ninja a kayan yara a wasu ƙasashen nahiyar. Jarumin shi ne Ryu Hayabusa, matashin da ya ɗauki takobin gidansu ya nufi Amurka domin gano abin da ya faru da mahaifinsa. Tsakanin mataki da mataki wasan yana nuna labarin da hotuna masu motsi kamar fim, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

Wahalar zamanin kaset

Wasan na 1988 yana da babi shida. Madannai biyu kawai ke aiki, ɗaya na tsalle ɗaya na sara, amma duk wanda ya buga shi yana tuna tsuntsayen cikinsa. Da zarar abokin gaba ya taɓa Ryu, bugun yakan jefa shi baya, kuma an jera abokan gaban a daidai bakin ramuka. Mai wasa zai yi tsalle tsakanin duwatsu biyu, tsuntsu ya sauko ya buge shi a sama, ya faɗa rami, rai ɗaya ya tafi ko da ƙarfinsa a cike yake. Idan ya ja da baya kaɗan domin ya sake shiri, abokin gaban da ya kashe yakan sake fitowa a wurin da yake.

Babi na shida ne ya fi kowanne ƙaurin suna. A ƙarshensa akwai manyan abokan gaba uku a jere, irin waɗanda masu kallon finafinai ke kira bos. Duk wanda ɗayansu ya kashe, ana mayar da shi farkon babin baki ɗaya, ya sake ratsa wurare mafi tsanani a wasan kafin ya samu damar sake gwadawa. Kaset ɗin ba ya ajiye inda mutum ya tsaya. Idan aka kashe na'urar, ko aka ɗauke wuta, sai a koma mataki na farko.

Akwai dalilin kasuwanci a bayan irin wannan tsanani. Kaset na wancan lokaci ba ya ɗaukar abu mai yawa, kuma wanda ya ƙware zai iya gama wasan cikin ƙasa da awa ɗaya. Wahala ce ke mayar da shi aikin makonni, har mai saye ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba. Kashi na uku da ya fito a 1991 ya nuna hakan a fili: wanda aka sayar a Amurka ya fi na Japan wuya, domin an ƙara yawan raunin da bugu ke yi, an taƙaita damar ci gaba bayan mutuwa, an kuma cire lambobin sirri da ke mayar da mutum inda ya tsaya. Masu nazarin tarihin wasanni kan danganta irin wannan sauyi da shagunan hayar kaset na Amurka, inda kamfanoni ba sa son yaro ya gama wasa a hayar kwana biyu.

Abin da Itagaki ya sauya

A 2004 rukunin Team Ninja, ƙarƙashin jagorancin Itagaki, ya dawo da Ryu a na'urar Xbox, a wannan karon cikin duniyar da ake iya juyawa kowane ɓangare. Labarin mai sauƙi ne: an kai hari ƙauyen Hayabusa, an sace wani takobi mai mugun ƙarfi, Ryu ya bi sawu har daular Vigoor domin ɗaukar fansa. Inda aka zuba tunani shi ne yadda ake faɗan.

A yawancin wasannin faɗa, ƙananan abokan gaba sukan tsaya suna jiran a sare su. A nan kuwa sojan da ya fi kowa ƙanƙanta yana kare kansa, yana kaucewa, yana zagayowa ta baya, kuma sukan far wa mutum su uku ko huɗu a tare. Mai wasa yana da kariya da ke tare yawancin sara, sai dai idan ya daɗe a tsaye a bayanta, abokan gaban za su cafke shi su maka da ƙasa, domin kariyar ba ta hana kamu. Idan kuma ya riƙa danna madannai barkatai, zai buɗe jikinsa. Abin da ya rage masa shi ne ya kare, ya mirgina, ya yi sara biyu ko uku, ya bar wurin kafin a kewaye shi.

Darasin yana farawa tun daga babin farko. A ƙarshensa Ryu yana karawa da Murai, wanda ke amfani da sanduna biyu haɗe da sarƙa irin na Bruce Lee. Mutane da dama a nan suka fara ajiye wasan, domin Murai ba ya barin wanda bai koyi kariya ba ya wuce. Wanda ya wuce shi kuwa ya riga ya samu abin da zai yi amfani da shi har ƙarshe.

Akwai kuma lissafin da ake yi cikin ƙiftawar ido. Duk abokin gaban da ya mutu yakan bar ƙwallon haske: rawaya kuɗi ne da ake kai wa tsohon maƙeri Muramasa ya ƙarfafa makamai, shuɗi yana mayar da lafiya, ja kuma yana cika ƙarfin tsafin ninja. Mai wasa zai iya barin ƙwallon a ƙasa ya zuƙe shi domin haɗa wani mummunan sara da ke share abokan gaba da yawa a lokaci ɗaya. Idan shuɗi ya zuƙa ta wannan hanya, ya yi asarar lafiyar da zai samu. Saboda haka a tsakiyar faɗa, da sauran numfashi kaɗan, dole ya zaɓa tsakanin magani da farmaki.

Ninja Gaiden II na 2008 ya ƙara wani abu. Sara kan cire wa abokin gaba hannu ko ƙafa, kuma wanda aka raunata haka ya fi mai lafiya haɗari, domin zai rarrafo ya rungume Ryu ya tayar da abin fashewa su mutu tare. Dole mai wasa ya riƙa lura da wa ya ji rauni domin ya ƙarasa shi da wuri.

Ina daɗin yake?

A wasanni da yawa jarumin ne ke ƙara ƙarfi: ana ba shi sabbin makamai da ƙarin lafiya har abokan gaba su zama ba komai ba. Ninja Gaiden ma yana ba da makamai, sai dai babban abin da ke sauyawa shi ne hannun mai wasan da idonsa. Bos ɗin da ya gagara ranar Litinin, kamar Alma da ke tsakiyar wasan 2004, ita ce dai ranar Juma'a, ba a rage mata komai ba. Mutumin ne ya koyi cewa idan ta ɗaga hannu ta wata siga jifa ke tafe, idan ta sauko ƙasa kuma akwai ɗan lokacin da za a iya saranta. Duk mutuwa tana barin sa da wani sani da bai da shi a baya.

Wannan yana yiwuwa ne saboda wasan yana amsa umarni nan take. Idan aka danna madanni, Ryu yana motsawa ba jinkiri, don haka idan aka sha kaye, akasari mai wasa ya san kuskuren da ya yi. Kayen da mutum ya san dalilinsa yana sa shi cewa bari in sake sau ɗaya. Ranar da ya yi nasara kuma babu wanda zai ce sa'a ce. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma masoyan wasan gudun suke biya wa kuɗi.

Kamfanin da kansa ya gwada cire wahalar ya ga sakamako. Itagaki ya bar Tecmo a 2008, kuma Ninja Gaiden 3 da ya fito a 2012 ya zo da sauƙi: makami ɗaya ake farawa da shi, an cire yanke gaɓɓai, an cika shi da wuraren da allo ke gaya wa mutum madannin da zai danna. Manufar ita ce jawo sabbin masu saye. Masu sharhi da tsofaffin masoya suka yi masa ca, har aka sake fitar da shi da sunan Razor's Edge, aka dawo da makamai da tsananin da aka cire.

Inda wahalar ke zama zalunci

Masoyan wasan ma sun yarda ba kowace mutuwa ce ke koyar da wani abu ba. Babban ƙorafin da ake yi tun 2004 shi ne kyamarar wasan, wadda a ƙuntataccen wuri takan juya ta bar abokan gaba a wajen allo, sai mutum ya ji sara daga inda bai gani ba. A kashi na biyu akwai wata ƙatuwar dabba mai sulke wadda, bayan an sha wuya an kashe ta, takan fashe ta tafi da mai wasan idan bai riƙe kariya ba, alhali babu isasshen gargaɗi. Irin wannan da komawa farkon babi na shida a wasan 1988 duk hukunci ne da ke cin lokacin mutum ba tare da ya ƙara masa ƙwarewa ba.

Sai batun waɗanda ake bari a baya. Ba kowa ke da awa talatin na maimaita faɗa ɗaya ba, kuma akwai masu lalurar hannu ko gani da saurin wasan ya fi ƙarfinsu. Amsar Itagaki ta farko tana da ba'a a ciki. A Ninja Gaiden Black na 2005, wanda ya mutu sau da dama a babin farko ana yi masa tayin mataki mai sauƙi mai suna Ninja Dog, wato karen ninja, kuma idan ya karɓa, Ayane da ke taimaka wa Ryu takan riƙa yi masa magana da raini. A ɗaya ƙarshen kuma aka sa Master Ninja domin waɗanda wahalar farko ba ta ishe su ba. Daga baya kamfanin ya sassauta, ya kawo matakin Hero da ke kare mai wasa da kansa, kuma yana nan a Ninja Gaiden 4. Muhawarar ta sake zafi a 2019 a kan Sekiro na kamfanin FromSoftware, wani wasan ninja da ya ƙi sa mataki mai sauƙi, ya kuma lashe kyautar wasan shekara a bikin The Game Awards.

Ga mai son gwadawa

Shekarar 2025 ta kawo hanyoyi uku na shiga: Ninja Gaiden 2 Black, wanda sabunta na 2008 ne, Ragebound, mai salon zamanin kaset, wanda kamfanin The Game Kitchen na Sifaniya ya haɗa, Dotemu na birnin Paris ya fitar, sai Ninja Gaiden 4, aikin haɗin gwiwa tsakanin Team Ninja da PlatinumGames, da sabon jarumi mai suna Yakumo. Iyaye da masu gidajen wasa su lura cewa kashi na biyu da na huɗu suna ɗauke da alamar shekara 18 a tsarin Turai, saboda yawan jini da yanke gaɓɓai.

Wanda ya saba da wasan ƙwallo na minti goma a gidan gem zai ga bambanci, domin wannan wasa ne na mutum ɗaya da ke buƙatar zama na kwanaki a kan na'ura ɗaya. Shawarar da ƙwararru ke bai wa sabon shiga ba ta sauya ba tun 2004: ya koyi kariya da mirginawa kafin ya koyi dogayen jerin sara, ya ƙware a makami ɗaya kafin ya ɗauki na biyu, idan bos ya kashe shi kuma ya tsaya ya tuna da wane bugu aka kashe shi kafin ya sake danna madannin farawa.