Intakula a Motar Tobo: Ado ce ko Wajibi a Zafin Kano?

Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska da famfon hannu ya san bakin famfon yana ɗaukar zafi. Dalilin kuwa, idan aka matse iska sai ta yi zafi. Wannan ƙa'idar ce ta sa ake haɗa wa injin tobo wata na'ura mai kama da lagireto, wadda makanikai ke kira intakula.

Bari mu fara da tobon kansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar fasahar a 1905. Hayaƙin da ke fita daga inji ne ke juya wata farfela, ita kuma ta juya wata da ke cusa ƙarin iska cikin injin. Iska ta ƙaru, mai ya ƙone da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Shi ya sa za ka ga tobo a manyan motocin DAF da Howo, da Hilux mai dizal, har da Honda Accord ƙirar 2018.

To ina matsalar? Mu ɗan yi lissafi. A watan Afrilu zafin Kano kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Idan tobo ya ninka matsin iskar sau biyu, za ta fito da zafin kusan digiri 140. Iska mai zafi buɗewa take yi, don haka oksijin ɗin da ke cikin kowace lita ya ragu. Intakula mai lafiya za ta iya sauko da ita zuwa wajen digiri 70, wanda ke nufin ƙarin iska kusan kashi 20 cikin 100 a matsi iri ɗaya.

Ba maganar ƙarfi kaɗai ba ce. A injin fetur, iska mai zafi na sa wani ɓangare na man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso shi. Idan abin ya yawaita, fistin ne ke ji a jikinsa. Kwamfutar motar kan rage ƙarfin injin don ta kare shi, sai ka ji mota ta yi sanyi da tsakar rana.

Amma ai wasu masu tsere a Amurka ba sa sakawa, ko? Gaskiya ne. Tserensu na miƙaƙƙen titi ne, mita 402, cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Wasunsu da man metanol suke amfani, wanda shi da kansa ke sanyaya iskar yayin da yake zama tururi. Wasu kuma ruwan ƙanƙara suke zagayawa da shi. Su cire nauyi da 'yar asarar matsin da intakula ke jawowa riba ce. Wanda ke bin titin BUK kullum, daga Ƙofar Na'isa zuwa Kabuga, cikin rana da cunkoso, lissafinsa daban ne.

Don haka idan intakularka ta fashe, makanike ya ce bari a tsallake ta da bututu kawai, kada ka yarda. Araha ce da ba ta ado, domin kuɗin sabon inji ya ninka nata nesa ba kusa ba. A gyara ta, ko a nemo wata a Ƙofar Ruwa.

Sannan a kula da ita. Ƙurar hunturu kan toshe 'yan ramukanta, sai a wanke su da ruwa mara ƙarfi don kada su lanƙwashe. A duba tiyo da mazagansa ko iska na zurarewa. Ɗan maiƙo a ciki ba abin tashin hankali ba ne, amma idan ka ga baƙin mai ya taru, a binciki tobon da wuri.