FASHIN BAƘI: Gyaran ƙasan mota mai araha da ke hana taya sulɓewa wajen tashi

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, duk wani kayan gyaran mota da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Apo a Abuja. Amma matasa masu sha'awar wasan mota ba su daina kashe kuɗi domin motarsu ta riga ta wani tashi ba. Akasarin kuɗin kan tafi ga inji, ga salansa mai ƙara, ko ga sauke mota ta kusa taɓa ƙasa. A daƙiƙa biyu na farko kuwa, abin da ke raba gardama shi ne ko taya ta kama kwalta ko ta tsaya tana juyi tana hayaƙi.

Masu tseren miƙaƙƙiyar hanya a Amurka, waɗanda ke gudun kwatar mil, wato kimanin mita 402, sun daɗe da gane haka. Adadin da suka fi sa wa ido a takardar sakamako shi ne lokacin da mota ta ɗauka kafin ta cinye ƙafa 60 na farko, kusan mita 18.

Idan direba ya taka totur, nauyin mota yana karkata baya. Yawan abin da ke karkata ya dogara ne ga nauyin motar, ƙarfin fizgarta, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar tayoyin gaba da na baya. A ɗauki mota mai kilo 1,500, cibiyar nauyinta na santimita 55 daga ƙasa, tazarar tayoyinta mita 2.7. Idan ta fizga da rabin ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, kimanin kilo 150 ne za su bar tayoyin gaba su danne na baya. Sifirin da shakazoba ba su ke ƙirƙirar wannan nauyi ba. Aikinsu shi ne daidaita saurin isarsa da yadda zai zauna a kan taya.

Saboda haka tambayar farko, kafin a ciro ko sisi, ita ce: da waɗanne tayoyi motar ke ja? Marsandi C-Class, BMW 3 Series, Lexus IS, har da tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, duk da baya suke ja, kuma karkatar nauyi riba ce a gare su. Corolla, Camry, Accord da Golf da gaba suke ja, don haka nauyin yana gudu ne daga tayoyin da ake buƙatarsa. Gyaran da ya taimaki Marsandi zai iya cutar da Corolla, ko da makanike ɗaya ne ya ɗaura shi da zuciya ɗaya.

Ga mai ja da baya, ana son gaba ya ɗaga ba tare da turjiya ba, baya kuma ya karɓi nauyin bai durƙushe ba, bai yi tsalle ba. Sauke irin wannan mota ƙasa da sa mata sifirin mai tauri yana rage nauyin da zai danne tayoyin baya. Ta yi kyau a hoto, amma ta fi saurin sulɓewa. A Amurka, masu tsohuwar Ford Mustang ta 1979 zuwa 1993, wadda ta shahara a wajen masu ƙaramin ƙarfi, sukan sa shakazobar gaba da ake kira 90/10: tana miƙewa da sauƙi, tana jinkirin komawa. A filin tsere wannan dabara ce mai kyau. A titi mai kwana da ramuka da 'yan acaɓa, gaban motar kan yi ta lilo, sitiyari ya yi sako-sako.

Mai ja da gaba akasin haka yake nema: baya mai ɗan tauri da ba zai durƙusa ba, da shakazobar gaba mai hana hancin mota ɗagawa. A nan sauke mota kaɗan yana da amfani, matuƙar an yi shi da sifirin da aka ƙera domin wannan motar.

Sai dai yawancin motocin da ke hannun matasa na hannu ne, kuma ƙasansu ya gaji tun kafin su iso tashar jiragen ruwa. Gyara mafi araha a gare su shi ne mayar da su yadda kamfani ya yi su. Robobin bushin da ke hannuwan taya, da robobin da inji ke zaune a kansu, idan suka tsage sai taya ta riƙa kamawa tana saki, motar ta kama karkarwa kamar za ta wargaje. Wannan tsalle-tsalle ne ke karya shaf, yana kuma iya taɓa giya. Sauya robobin, da sa lafiyayyar shakazoba, da kai mota a saita tayoyi, sun fi kowane kayan ƙawa tasiri, kuma kuɗinsu bai kai na gyaran giya ba.

Taya ita ce kan gaba, kuma a nan ne aka fi cutar mai saye. Tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma ga su nan jibge a kasuwanni, abin da ya kamata a tambayi Kwastam da hukumar SON a kansa. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗin ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Rage iska kaɗan yana faɗaɗa wurin da taya ke taɓa ƙasa, amma hawa babbar hanya da ita a haka yana sa ta yi zafi har ta fashe.

Akwai kuma arahar da ba ta ado. Yanke sifirin, ko gasa shi da wutar walda domin ya lotsa, yana rage masa wurin motsi, gashin kuma yana kashe ƙarfen. Cire sandar da ke hana mota kwanciya a kwana yana sakin gaba wajen tashi, amma motar za ta riƙa jirkicewa. Wasu kan yi wa haƙoran da ke raba juyi tsakanin tayoyin baya walda domin su juya tare; a jiƙaƙƙiyar kwalta, bayan motar kan kufce ba sallama.

Wurin gwaji ma matsala ce. An kafa ƙungiyar NHRA a Amurka a 1951 domin a kwashe masu tsere daga titunan jama'a zuwa fili mai shinge da dokoki. A nan kuwa, gwajin kan faɗa ne a titin unguwa ko a ayarin biki, inda kuskuren direba ke ƙarewa a kan ɗan kallo. Wanda ya samu rufaffen fili da izini, manhajar waya mai auna gudu ta ishe shi: ya sauya abu ɗaya kacal, ya tashi sau uku a wuri guda da iska iri ɗaya a taya, ya rubuta lokacin, sannan ya taɓa na gaba.