Taimin Bel da Salansa: Haƙƙin Tsohuwar Mota a Kan Mai Ita

Galibin motocin da ke ɗaukar jama'a a ƙasar Hausa, tun daga Golf masu jigila tsakanin garuruwa har zuwa Camry da Honda na ma'aikata, sun ƙare ƙuruciyarsu ne a titunan Turai da Amurka kafin a sauke su a Kwatano ko Legas, kuma sau da yawa mai saye ba ya samun labarin gyaran da aka yi musu, alhali kuwa a jikinsu akwai sassa biyu da ido bai cika kai wa gare su ba sai ɓarna ta auku.

Na farko shi ne taimin bel, ɗamarar roba mai haƙora da ke ɓoye bayan murfi a jikin inji, wadda ke daidaita juyin karanshaf da na kamshaf, wancan ya juya sau biyu wannan sau ɗaya, domin bawul su buɗe su rufe daidai da hawa da saukar fistin. A injuna da yawa, irin na Honda Accord ta 1998 zuwa 2002, idan bel ya tsinke ana cikin tafiya sai fistin ya doki bawul ya lanƙwasa su, aikin da kuɗi kaɗan zai isar masa ya koma sauke kan inji ɗungurungum. Camry mai inji 2.2 ta wancan zamani tsayawa kawai take yi, ita kuwa Fijo 504 mai fetur da sarƙa aka ƙera ta. Don haka wajibi ne mutum ya fara sanin irin injinsa.

Masu ƙera motoci sukan ƙayyade canjin bel tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko bayan shekara biyar zuwa bakwai, saboda roba tana tsufa ko da mota na ajiye, balle ga zafin bazara da baƙin mai da ke tsiyaya yana cin ta. Tun da yake ba kullum ne agogon kilomita na motar hannu ke faɗin gaskiya ba, hikima ita ce a sa sabo da zarar an saya, a haɗa da tenshina da famfon ruwa da robobin tare mai a zama ɗaya, tun da kuɗin aikin kwancewa ɗaya ne, sa'an nan bakanike ya rubuta kwanan wata da kilomita a kan murfin.

Amma mas'alar salansa ta fi wannan nauyi, domin ta shafi rai. Tsatsa da ramukan hanya suna huda bututun, hayaƙi ya riƙa kutsawa ta ƙasan mota ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, daga alamunta akwai ciwon kai da jiri da gyangyaɗi, kuma takan hallaka wanda ya kwanta barci a mota, gilasai a rufe, inji yana aiki. Ƙarar da ba a saba ji ba, ko baƙin tabo a mahaɗar bututu, sun isa dalilin zuwa wurin mai walda a ranar. Hayaƙin kansa shaida ne: shuɗi baƙin mai ke ƙonewa, baƙi fetur ya yi yawa, fari mai kauri kuwa ruwa ya shiga inji. Matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi, idan ta toshe har mota ta rasa ƙarfi, fasa ta ba magani ba ne, domin sababin toshewar yakan kasance mataccen fulogi ko inji mai shan mai.

Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. Duk wanda ya ɗauki iyalinsa ko fasinjoji a mota ya ɗauki amanar rayuka, kuma sauke wannan amana yana farawa ne tun a garejin bakanike, kafin a hau hanya.