Yadda Ake Ƙiyasta Yiwuwar Zaftarewar Gangare a Ƙasa Mai Bambancin Ƙarfi

Duk gangaren ƙasa, ko na gefen tsauni ne, ko bangon madatsar ruwa, ko tudun da aka tayar domin shimfiɗa titi, yana tsaye ne saboda ƙarfin da ke riƙe ƙasa ya rinjayi nauyin da ke jan ta zuwa ƙasa. Injiniyoyi sun daɗe suna taƙaita wannan rinjaye da lamba guda da ake kira ma'aunin aminci, wato abin da ake samu idan aka raba ƙarfin riƙewa da ƙarfin ja. Idan lambar ta sauko ƙasa da 1 gangaren zai zaftare, shi ya sa a manyan madatsun ruwa akan nemi ta kai 1.5 kafin a amince da zane. Tushen wannan lissafi shi ne dabarar yanka gangare gida-gida a kan takarda, wadda Wolmar Fellenius na ƙasar Suwidin ya kafa, Alan Bishop na Ingila kuma ya kyautata ta a 1955.

Matsalar ita ce lissafin yana ɗaukar ƙasa tamkar ƙarfinta ɗaya ne ko'ina, alhali duk mai haƙar rijiya ya san cewa cikin gaba kaɗan sai ya wuce yashi ya shiga yumɓu, ya wuce yumɓu ya ci karo da marmara, kuma rijiyar maƙwabci tana iya bambanta da tasa. Binciken ƙasa kuwa bai wuce huda ramuka ƙalilan a ɗebo samfuri a kai ɗakin gwaji ba, saboda haka abin da aka gwada ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da abin da ke binne. Gangare biyu suna iya samun ma'aunin aminci iri ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya haɗari nesa ba kusa ba, domin zaftarewa ba ta bin matsakaicin ƙarfi, tana neman inda rauni yake ne ta bi ta nan.

Wannan ne ya sa masana suka koma tambayar kashi nawa cikin ɗari ne yiwuwar gangaren ya faɗi. A 1977 Erik Vanmarcke ya gabatar da hanyar siffanta ƙasa da abubuwa uku: matsakaicin ƙarfinta, da gwargwadon yadda ƙarfin yake hawa da sauka daga wannan matsakaici, da kuma tazarar kamanceceniya, wato nisan da ƙasar wuri guda take ci gaba da kama da ta kusa da ita kafin ta sauya hali. Na ukun shi ne mafi muhimmanci kuma mafi wuyar aunawa. Da yake ruwa da iska suna jibge ƙasa ne shimfiɗa kan shimfiɗa cikin dubban shekaru, tazarar takan kai gomman mitoci ta kwance, amma ta tsaye sau da yawa ba ta wuce mita ɗaya ko 'yan mitoci ba. Idan tazarar gajera ce, gurbin rauni da gurbin ƙarfi suna cakuɗuwa a kan layin zamewa har su daidaita juna. Idan kuwa ta yi tsawo, shimfiɗa guda mai rauni tana iya ratsa gindin gangaren gaba ɗaya ta zama hanyar da zai zame a kai.

Bayan an tsayar da waɗannan abubuwa uku, sai a yi amfani da dabarar Monte Karlo, inda kwamfuta take ƙirƙiro dubban taswirorin cikin ƙasa waɗanda kowacce ta dace da sakamakon gwaji, ta lissafa ko gangaren zai tsaya a kowacce, sannan a ƙirga. Idan ya faɗi a 50 cikin 10,000, yiwuwar faɗuwarsa rabin kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. Masu bincike Griffiths da Fenton sun nuna a 2004 cewa idan aka bar kwamfuta ta nemo layin zamewa da kanta maimakon a tilasta mata zagayayyen layi, akan ga cewa yin watsi da bambancin wuri yana iya sa a raina haɗari, musamman inda ma'aunin aminci ya yi ƙasa ko ƙarfin ƙasa ya yi yawan hawa da sauka.

Abin da ya faru a mahaƙar Mount Polley da ke lardin British Columbia na Kanada ranar 4 ga Agusta, 2014, ya tabbatar da cewa batun ya wuce wasan lambobi. Madatsar da ke riƙe da dagwalon ma'adinai ta fashe, miliyoyin mita kubik na ruwa da laka suka kwarara cikin rafi da tafkuna, kuma wani kwamitin ƙwararru ya gano a 2015 cewa musabbabin shi ne shimfiɗar yumɓu mai rauni a ƙarƙashin tushe wadda zanen bai yi la'akari da ita ba. Babu kwamfutar da za ta iya ƙirga shimfiɗar da bincike bai ko nuna alamarta ba, kuma a nan ne iyakar wannan ilimi take.

Saboda haka, a duk inda ake da madatsun ƙasa irin su Tiga, ko ake yanka tudu domin titi, wajibi ne hukumomi su ware isasshen kuɗi domin binciken ƙasa tun kafin zane, su kuma nemi injiniya ya faɗa musu yiwuwar zaftarewa tare da ma'aunin aminci, domin kuɗin ƙarin ramukan gwaji bai kai ko kusa da asarar rayuka da gonaki da fashewar madatsa guda take jawowa ba.