Ƙurar ƙarfe a ƙasar noma: Abubuwan da ya kamata ka sani

Tungan Maje na kan babban titin Zuba zuwa Gwagwalada, inda motoci ba sa ɗaukewa dare da rana. A irin wannan wuri, inda gona da gareji da bola ke maƙwabtaka, ƙurar ƙarfe da ido ba ya gani takan taru a ƙasa sannu a hankali.

Daga ina take fitowa?

Tayar mota idan tana cinyewa tutiya take zubarwa, birki kuma jan ƙarfe. Batirin mota da aka fasa yana barin dalma. Ga baƙin mai da kanikawa ke tuttularwa, ga tokar wayar da 'yan jari-bola ke ƙonawa, ga takin bola da ake kaiwa gona haɗe da matattun batiran tocila. Iska da ruwan sama su ke raba sauran.

Me ya sa ta fi sauran datti haɗari?

Kara da kashin shanu suna ruɓewa su zama taki. Ƙarfe ba ya ruɓewa. Dalma na iya shafe ɗaruruwan shekaru a saman ƙasa, kuma iya ƙanƙantar ƙwayarta iya saurin shigarta jikin mai rai.

Yaya take yi wa halittun ƙasa?

Tana ce kan gaba wajen shan wahala, domin ƙasar take haɗiya. Idan gubar ta yi yawa, sai ta rage girma da yaɗuwa, ramukan da take haƙawa su ragu, ƙasa ta daskare ta daina shan ruwa sosai. Haka ma ƙananan halittun da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa, masu ƙara wa gona ƙarfi, aikinsu kan yi rauni. Daga nan kaza ta tsattsagi tana, alayyahu ya zuƙi nasa rabon, abin ya iso tukunya.

Me ya faru a Zamfara da Neja?

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake daka dutsen zinare a tsakar gida. Yara aƙalla 400 suka rasu. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta, aka zubo sabuwa. Ƙauyen Bagega bai samu wannan aiki ba sai 2013. A 2015 kuma gubar dalma ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyar Abuja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Me za a yi?

Kada a shuka ganye a tsohon gareji ko juji ko gefen kwalta. A tsince takin bola kafin ya shiga gona. Takin dabbobi ya fi, domin yana riƙe ƙarfe ya rage shigarsa cikin shuka. A mayar wa dillali tsohon batir ba tare da an fasa shi ba. A wanke ganye sosai, a wanke wa yara hannu kafin cin abinci.

Rigakafi ya fi magani. Ya kamata hukumar kula da muhalli ta NESREA da masu unguwanni su sa a auna ƙasar gonakin bakin titi, manomi kuma ya binciki tarihin fili kafin ya sa masa garma.