Haɗa Fatauci da Yawon Buɗe Ido a Ƙasar Kabi

Bahaushe bai cika yin tafiya don shaƙatawa kaɗai ba. A al'adance, wanda ya bar gida ba tare da uzuri ba akan yi masa kallon mai yawon banza. Wannan ya sa ake saka buɗe ido a cikin tafiyar fatauci ko ta aiki, tunda an riga an biya kuɗin mota da masauki.

Bikin kamun kifi na Argungu kyakkyawan misali ne. Ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai garin a 1934, wadda ta ƙarfafa sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi. Falken da ke sarin shinkafa ko busasshen kifi yakan daidaita tafiyarsa da lokacin bikin, ya kalli su a Matan Fada, ya leƙa Gidan Tarihi na Kanta. Kallon ma wani ɓangare ne na cinikin, domin a nan yake sabawa da masunta da manoma. Sabo kan haifar da amana, da amana kuma ake ba mutum kaya bashi.

Ma'aikacin da aka turo sakatariyar Gwadangaji, a Birnin Kebbi, shi ma yakan ƙara kwana guda ya ziyarci hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, ko ya sada zumunci. A nan ne akan samu taƙaddama da hukuma, idan ya lissafa wannan kwanan cikin kuɗin tafiyar aiki.